Saura ƙiris in buge tsohuwa da keken aiki (zare)

1/ Jama'a, kwana uku ke nan abin nan yana cina a rai, bari dai in amayar. Ranar Talata saura ƙiris in buge wata tsohuwa da keke a Manchester. Kar ku yi dariya, ba irin keken da kuka sani ba ne.

2/ Digirin farko nake yi a nan, kuma bizar ɗalibi ta ba ni damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Aikina kai saƙo gidaje da keken lantarki mai ƙafa huɗu da ƙaton akwati a baya. Ku ɗauka kurkura ce aka sa mata feda. In an loda shi, da ni da kayan da keken muna dosar kilo 300.

3/ A Oxford Road akwai tashoshin bas da layin kekuna ya ratsa ta bayansu. Wato in fasinja ya sauka, sai ya tsallaka layinmu kafin ya kai gefen titi. Ana yayyafi, ni kuma ina sauri don an ƙayyade min lokaci. Kawai sai ga ta, da sanda da jakar cefane, ko waigowa ba ta yi ba.

4/ Na matse birki iya ƙarfina, kayan suna ta turo ni daga baya. Da ƙyar na tsaya, tsakanina da ita bai kai taku ɗaya ba. Ta dafe ƙirji ta ce sam ba ta ji tahowata ba. Gaskiyarta. A Kano tun daga nesa kake jin kwarmaton kurkura, shi ko wannan sai dai ka gan shi a kanka.

5/ Da daddare barci ya gagara, na shiga duba doka. A Ingila muddin akwai feda, injin bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina tura ka in ka kai kilomita 25 a awa, to sunansa keke. Ba lasisi, ba lamba, inshora ba dole ba. Ɗan shekara 14 ma doka ta yarda ya hau.

6/ Nauyi fa? Kafin 2015 akwai iyaka: kilo 40 ga mai ƙafa biyu, 60 ga mai ƙafa uku. A 2015 aka cire iyakar, aka kuma halatta mai ƙafa huɗu. Don haka a takarda, ni da mai ɗan keken zuwa lacca matsayinmu ɗaya.

7/ Amma a kan titi ba ɗaya muke ba. In gudu ɗaya ne, mai kilo 300 ya ninka mai kilo 100 sau uku a ƙarfin bugu. Horon da aka ba ni kuwa safiya ɗaya ce, a filin ajiye motoci, akwatin kuma ba komai a ciki.

8/ Ba cewa nake a hana su ba wallahi. Kowane keke motar kaya yake ragewa a unguwa, ba hayaƙi, kuma da shi nake biyan haya. Abin da nake so a ware manyan a ba su dokarsu: iyakar nauyi, gwajin birki da kaya a ciki, lamba, inshora, da wata 'yar ƙara da za ta sanar da mai tafiya a ƙasa. New York ma a 2024 ta yi musu ƙa'ida ta daban, faɗi kar ya wuce inci 48.

9/ Tun 2022 ƙa'idar titin ƙasar nan ta ce wanda ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar alhakin kula. A layin nan ni ne babba, ba ita ba.

10/ Yanzu duk tashar bas sai na rage gudu kamar mai tura baro. Saƙon da nake kaiwa ya ragu, jiya oga ya kira ni ya yi min magana, ƙila a rage min ranakun aiki. Na gaya wa Umma a waya, ta ce "Kuɗi a nemo wasu, rai fa?" Ban da amsa. Gobe ƙarfe 7 ina kan layin. Allah Ya tsare mu, Ya tsare na gabanmu.