RANAR DA WASA YA BUƊE BAKINA

Abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, a kaina ya faru, ina da shekara uku a ɗakin miji, a wani ƙauye da ke kusa da Zariya, jim kaɗan bayan an koma mulkin farar hula a 1999.

Famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya gare mu a garin, sai ya lalace. Aka ce kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Mu mata muka tattara ɗan cinikin ƙuli-ƙuli da daddawa muka bayar, maza suka kafa kwamiti, kansila ya ce zai cika sauran. Shiru, shiru, malam ya ci shirwa. Damina ta wuce, rani ya shigo, 'yan matanmu suna ta jigilar ruwan kududdufi, makaranta kuwa sai wadda ta samu sarari. Lokacin kuma kurkunu bai bar ƙasar nan ba, don sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Kowacce mace ta san kuɗin sun maƙale a wani wuri, amma wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa? Ni ma fa bakina ɗaure yake, domin ma'ajin kwamitin yayan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ana cikin haka sai ga wasu ɗalibai 'yan wasan kwaikwayo sun sauka a garin. Dama tun shekarun 1970 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke shiga ƙauyukan da ke kewaye da su da irin wannan wasa. Ba da labari a rubuce suke zuwa ba. Zama suke da mutane su ji abin da ke damunsu, sannan su mayar da shi wasa. Matan cikinsu suka riƙa shigo mana gidaje, su taya mu surfe, hira na jan hira. Wallahi har suka tafi ban lura tatsar mu suke ba.

Ranar wasan aka shimfiɗa mana tabarmi a gefe ɗaya na ƙofar gidan mai unguwa, maza a ɗaya gefen. Na zauna kusa da surukata, Inna. Wani yaro ya fito ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, yana rungume da gwangwanin kuɗin rijiya. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce ana kan shawara. Dariya muke har da hawaye. Can sai ga wata ta shigo da tulu a ka tana ɗingishi, ta faɗi, tulun ya fashe. Dariya ta ɗauke ɗif.

Nan ne suka yi abin da ban taɓa gani ba. Samanja da Karkuzu da muke kallo a talabijin in mun je birni, su kan kai labarinsu ƙarshe ne. Waɗannan kuwa sai suka tsaya cak a tsakiya, wata a cikinsu ta juyo ta ce, "To iyayenmu, ga yarinya a ƙasa, ga gwangwani a hannun Alhaji. Yaya za a yi?"

Ba wanda ya tanka. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, daga cikin mayafi na ce, "A kawo littafin kuɗin a karanta a gaban kowa."

Ai kuwa kamar jira ake. Wata tsohuwa ta ce ita naira hamsin ta bayar, a nuna mata inda aka rubuta. Wani dattijo ya ce ba tarbiyya ba ce mata su ɗaga murya a dandali, wani ya ce ai su ke ɗaukar tulun. Har aka kira magariba ana yi, kuma abin mamaki ba wanda ya ambaci sunan Yaya. Alhajin wasa ake ta tuhuma, shi kuwa na gaske yana zaune yana jan carbi, gumi na zuba.

A gida na sha ta. Malam ya ce, "Ke yanzu a rasa wanda zai tona wa gidanmu asiri sai ke?" Kwana huɗu ba ya cin tuwona. Na yi kuka, na kuma yi nadama, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗauka Inna ma za ta rufe ni da faɗa, sai ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke 'yar nan, share hawayenki. Kin san wasan Gauta?" Na ce a'a. Ta ce a da, a gidajen sarauta, matan gida ne ke yin shigar sarki da fadawansa, su kwaikwayi maganarsu da halinsu a gaban idonsu, don mai mugun hali ya ga kansa ya gyara. Ta ce ko tashen da yara ke fara yi ran goma ga azumi, ai hannunka mai sanda ne. Daga baya na ji cewa Malam Aminu Kano ma, tun yana malamin makaranta kafin a kafa NEPU a 1950, da wasan kwaikwayo ya riƙa sukar zalunci. Ashe abin namu ne tun fil azal, mu ne muka manta.

Da aka karanta littafin ranar Juma'a, sai ta bayyana Yaya bai ci ko kwabo ba. Kansila ne ya karɓi kuɗin aro lokacin yaƙin neman zaɓe, shi kuma kunya da tsoro suka hana shi faɗa. Kashi biyu cikin uku kawai aka iya karɓowa, muka sake yin karo-karo, amma wannan karon a ɗakin Inna aka ajiye asusun.

Famfo ya dawo aiki kafin azumi. Matar Yaya kuwa ta fi shekara ba ta amsa gaisuwata, ko da mun aiki yara ɗibar ruwa tulunta na bayan nawa a layi.