Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Duk ɗalibin kimiyya ya san shirin nan na SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973 domin ɗalibai su fita daga aji su ga yadda aiki yake a zahiri. To, da lokacina ya yi, sai rabona ya faɗa wani kamfanin jima da ke Calawa, can ta wajen Panshekara a ƙasar Kumbotso. Wata shida na yi ina shaƙar warin fata, har sai da hancina ya daina kai ƙara.

Ni dai ba a wajen jima aka ajiye ni ba. Wani ɗan ɗaki aka kai ni, inda aka girke babbar kwamfutar da ake kira uwar garke, watau wadda sauran kwamfutocin ofis ke ɗebo bayani daga gare ta. A cikinta lissafin fatun da dillalai suka kawo yake, da bashin da suke bi, da albashin leburori. Injiniya, maigidana, ya ce tsohuwar ta gaji, za a sayo sabuwa, saboda haka in rubuta jerin umarnin da zai girka manhajar kamfani a kan Linux da kansa, ba sai mutum ya zauna yana bugawa ɗaya bayan ɗaya ba.

Kwana uku na yi ina fama, ran na huɗu na kunna, abu ya tafi sumul. Nan da nan na ruga ina murna, na ce, "Ranka ya daɗe, an gama. A ba ni izini in sa a babbar."

Ya dube ni ya ce, "Sau nawa ka gwada?" Na ce sau ɗaya. Sai ya nuna mini wata tsohuwar kwamfuta a lungu, ya ce in zuba mata kwafin lissafin bara, sa'an nan in sake kunna umarnin nawa a kanta.

Ya mai karatu, ban san sa'ad da gumi ya karyo mini ba. Ashe akwai layi guda da na rubuta wanda ke share rumbun bayanai in ya tarar da shi, kafin ya gina sabo. A kan kwamfutar da ba komai cikinta, wannan ba laifi ba ne. Amma a nan, cikin ƙiftawa da bismilla ya cinye lissafin shekara ɗungum. Da a babbar na sa, da wane ido zan dubi dillalin da ya taso tun daga Maigatari da fatunsa, a ce masa ba a san nawa yake bi ba?

Injiniya bai yi mini faɗa ba. Sharuɗɗa uku kawai ya gindaya: umarni ya duba abin da ke nan kafin ya taɓa shi, ya tsaya cak da zarar mataki ɗaya ya ci tura, kuma ko sau goma aka kunna shi, sakamako ya zama ɗaya. Bayan na gyara, da hannunsa ya zare wayar wuta ana tsakiyar girki, ya ce, "A garin nan wuta ba ta sallama in za ta tafi."

Da muka ƙare wannan, sai batun tsaro. Muka girka Zabbix, manhajar da Alexei Vladishev ya fitar a 2001, wadda aikinta shi ne zura ido a kan uwar garke, ta aiko da saƙo in wani abu ya faru. Don zumuɗi, na ce ta faɗa mini kome da kome. Daren farko ban runtsa ba, domin duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka koma janareto, sai wayata ta yi ƙara. Kafin mako ya zagayo na fara share saƙonnin ba tare da na karanta ba. Nan ne na gane cewa mai gadin da ke ihu saboda kowace kyanwa, ran da ɓarawo ya zo ba mai fitowa. Muka rage su zuwa kaɗan: in rumbu ya cika kashi 80 cikin ɗari, in zafi ya wuce kima, in kwafin dare bai kammala ba, ko in na'ura ta yi shiru fiye da minti biyar.

Wani dare cikin watan Afrilu, ana tsananin zafin bazara, saƙo ya shigo wajen ƙarfe biyu. Na buga wa dattijon da ke gadin ƙofa, na ce, "Baba, don Allah leƙa ɗakin nan." Jim kaɗan ya ce, "Ɗana, injin sanyin nan ya mutu, ɗaki kamar gidan burodi." Ya buɗe ƙofa ya kunna fanka, ni kuwa na kashe uwar garken daga gida. Da safe aka biya leburori kuɗinsu, ba wanda ya san an kwana da wata magana.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu shirin fita: kada makin da malami ya ba ku ya ruɗe ku. A aji, in abu ya yi aiki sau ɗaya an ci jarrabawa, amma a masana'anta abincin mutane ne a hannunka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.