Harafi Ɗaya Tak

Ranar da muka fara darasin Latin a makarantar tauhidi, na shiga aji da girman kai. Na riga na yi shekaru ina wa'azi a ƙauyuka, ban ga abin da harshen Romawan dā zai ƙara mini ba. Malaminmu, wani dattijo mai haƙuri, ya tuna mana cewa zuwa wannan harshe ne Jerom ya juya Littafi Mai Tsarki yana zaune a Baitalami, da shi kuma Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi rubuce-rubucensa. Sa'an nan ya rubuta kalmomi uku a allo: amo, amas, amat, wato ina ƙauna, kana ƙauna, yana ƙauna. Muka yi ta maimaitawa kamar 'yan aji ɗaya.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne, a Latin ƙarshen kalma ke nuna aikinta. In Bahaushe ya ce kura ta kama akuya, jerin kalmomin ya isa ya nuna wanda ya yi kamu. A Latin kuwa suna yakan sauya wutsiya: Deus in Allah ne mai aikatawa, Deum in aikin a kansa ya sauka. Mai karatu da gaggawa sai ya mai da mai bayarwa mai karɓa. Sau da dama takardata ta dawo cike da jan biro saboda wannan kuskure.

Bayan 'yan makonni malam ya sake rubuta amo, ya ƙara harafi ɗaya a ƙarshe, ta zama amor. Ya ce ma'anarta yanzu ita ce ana ƙaunata, kuma haka ake rubuta sunan ƙauna kanta. Na haddace don jarrabawa, na wuce.

Sai da shekaru suka shuɗe kalmar ta dawo mini. Rashin jituwa ya shiga ikkilisiyar da nake kiwo, waɗansu da na yi wa baftisma da hannuna suka juya mini baya. Da dare nakan durƙusa ina lissafa wa Ubangiji hidimata: ziyarar marasa lafiya, azumi, tafiya cikin damina. Wata rana na lura cewa addu'ata duka amo ce, ni ne mai aikatawa a kowace jimla. Kuskuren nan na aji ne na ɗauko zuwa gaban Allah. Wasiƙar Yohanna ta fari, sura 4, ta koya mana cewa ƙaunar Allah ce ta riga tamu. Daren nan na daina lissafi, na yi kuka, kashegari kuma na iya gaishe su ba da ɗacin rai ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in hidima ta gajiyar da kai, ka duba addu'arka ka ga wa ka sa a gurbin mai aikatawa.

Ya Uba, ka koya mana karɓar ƙaunarka kafin mu yi fahariya da tamu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.