Mota ma tana da ciki

Ƴan uwa manoma da makiyaya, motar kaya dabba ce ta ƙarfe. Tana ci, tana shaƙar iska, kuma abin da ta ci shi ke ba ta lafiya ko ciwo.

Mai yana fitowa daga tanki. Famfo ya turo shi, ya bi ta cikin matata wadda makanikai ke kira filtir. Daga nan ya isa inji. Motar isansi tana gauraya mai da iska, awo 1 na mai da wajen awo 15 na iska bisa nauyi, sai buji ya kyasta wuta. Motar gazuwal ba ta jiran kyastu. Inji ke matse iska har ta yi zafi, a fesa mata gazuwal, ya kama da kansa.

Tsofaffin motoci karbirato ko famfon ƙarfe ke auna masu mai. Na yanzu ƴar kwamfuta ce ke aunawa. Tana jin yawan iska, da zafin inji, da yadda direba ya taka totur, sannan ta buɗe bakin feshi daidai bukata. Hudar bakin feshin ba ta wuce kaurin gashi biyu ko uku ba. Ƙwayar rairayi ta isa ta toshe ta.

Wani manomi na karkarar Matamai ya koyi wannan da kuɗinsa. Ya saida shanunsa, ya sayi tsohuwar Hiace don kai wake da gyaɗa kasuwar Dole a Damagaram. Don arha, gazuwal na jarka yake sha a bakin hanya, bai taɓa tace shi ba. Jar fitila ta kama a gabansa, ya ce ai mota tana tafiya. Wata rana ta mutu tsakanin Kance da Takeita da buhunan mutane a ciki. Makanike ya kwance filtir, ya tarad da ruwa da laka. Famfo ya lalace. Sai da ya saida bijimin da ya rage masa.

Tun shekarar 2011 ake tace man Agadem a matatar SORAZ, arewa da Damagaram. Amma ko mai tsabta, in ya kwana cikin jarka mai datti, ya ɓaci.

Maganin ba shi da tsada. A tace mai da tsumma mai tsabta. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, yana kwanciya a gindin filtir, sai a kwance a zubar da shi. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska, don ƙurar buji da hazo. In fitila ta kama, a je garaji tun da wuri.

Makiyayi ba ya shayar da garkensa a ruɓaɓɓen tabki. Mai mota ma haka. Rigakafi ya fi magani.