Ɗan Basarke da Injin Fatsa a Bakin Teku

Sarkawa mutanen ruwa ne, kuma ɗansu ko ya bar gida ba ya barin sha'awar kifi. Akwai wani saurayi daga cikinsu, mutumin ƙasar Yawuri, wanda ya tashi yana jefa birgi tare da mahaifinsa a tafkin Kainji, tafkin da ya samu bayan an datse kogin Kwara a 1968. Neman abinci ya kai shi Legas, inda ya samu aikin lodi a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ran Lahadi yakan shiga kwalekwale ya haye Tarkwa Bay, ya zauna yana kallon masu fatsa daga kan rairayi. Suna riƙe da sanduna masu tsawon mita 3 zuwa 4, suna wurga dalma da ƙugiya can bayan inda igiyar ruwa ke karyewa. A gindin kowace sanda akwai ɗan inji mai marfin juyawa, shi ne ke sakin zare, shi ne kuma ke naɗe shi.

Wata shida saurayin nan ya yi yana tara kuɗi don ya mallaki irin wannan inji. Kuɗin kuwa daga cikin abin da ya saba aika wa gida yake tsakura, saboda haka zaɓen ya zame masa abin lura ƙwarai. In ya sayi na banza, ya cuci kansa ya cuci iyayensa.

Shi wannan inji asalinsa daga masaƙa yake. Wani Bature ɗan gidan masu masaƙar ulu a Ingila, Alfred Illingworth, shi ya yi masa rajista a 1905, kuma duk wanda ya san kwarkwaron masaƙi zai gane dabarar nan take. Kwarkwaron ba ya juyawa lokacin jifa, zare ne ke zamewa daga bakinsa, sa'an nan wata 'yar waya mai lanƙwasa ta riƙa kewaya shi tana mayar da zaren. Kamfanin Penn na Amurka, wanda aka kafa a 1932, ya yi suna wajen ƙera na teku, daga baya Shimano da Daiwa na Japan suka shigo da ƙarfi.

A shagon kayan su, saurayin ya tarar da iri biyu. Ɗaya mai ƙyalli ne, an rubuta a kwalinsa cewa yana da boris 12, ga shi da arha. Ɗayan baƙi ne mai nauyi, borisinsa 6 kacal, amma kuɗinsa ya ninka na farkon sau uku. Hankalinsa ya karkata ga mai ƙyallin, sai dai ya ga ya fi kyau ya fara tambayar wani dattijo Bakano da ya shekara talatin yana gyaran injin jiragen fito a bakin ruwan nan.

Dattijon ya saurare shi, ya ce, “Ɗana, a kogi kifi ne abokin karawarka. A nan kuwa abokan gāba uku gare ka, kifi ne ƙaraminsu. Na farko gishiri, na biyu rairayi.”

Saurayin ya ce, “Baba, ashe yawan boris ba shi ne inganci ba?”

Ya ce, “Boris 12 da ruwa ke shiga, ƙofa 12 ce ka buɗe wa tsatsa. Tambayi mai shago ko an toshe cikin injin, ka bar ƙirga boris.”

Maganar dattijon tana da tushe. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. In ruwan ya shiga inji ya bushe, gishirin na nan daram, yana jawo laima yana cin ƙarfe. Abin ya fi muni inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, kamar kusar baƙin ƙarfe a jikin alminiyam, domin ruwan gishiri yakan sa ɗaya ya cinye ɗayan. Rairayi kuma in ya gauraya da giris sai ya koma kamar dutsen niƙa a tsakanin haƙoran injin. Don haka masu ƙira suke sa zobban roba a duk kafar da ruwa zai iya bi, har akwai ma'aunin da suke rubutawa. IPX5 na nufin injin yana jure feshin ruwa, IPX6 kuma feshi mai ƙarfi, amma ko ɗaya cikinsu bai ba da izinin a nutsa shi cikin teku ba.

Bayan toshewa sai girma. Mai fatsa daga gaɓa yana iya jefa dalmar giram 100 ta yi tafiyar mita 80 ko fiye, ke nan kafin kifi ya taɓa ƙugiya an riga an ci kashi mai yawa na zaren. In babban kifi ya kama ya zabura, sai ya ƙara jan wani mita 100. Wannan ya sa ake son injin da lambarsa ta kama daga 6000 zuwa 8000, wanda kwarkwaronsa zai ɗauki zaren kitso mita 300. Sai dai lambar wani kamfani ba ta daidaita da ta wani, gara mutum ya karanta yawan zaren da aka rubuta a jikin kwarkwaron. Wanda ya wuce haka girma kuma yakan gajiyar da kafaɗa tun kafin azahar.

Na uku shi ne birki, wato 'yan faya-fayan da ke matse kwarkwaro su bar zare ya fita a hankali in kifi ya fizga. Ana ɗaure shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zaren da ke tsinkewa a kilo 20, birkinsa kilo 5 zuwa 7 ya isa. Saboda haka alfaharin da ake yi a kwali cewa birki ya kai kilo 25 ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ya saki zare sumul ba tare da cijewa ba, domin cijewa ɗaya ta isa ta raba mutum da kifinsa. Wannan bai zame wa saurayin baƙon abu ba, don ya sha ganin mahaifinsa yana sassauta wa giwan ruwa igiya da tafin hannu har ta gaji.

Ya ƙara wata biyu yana tari, ya koma ya ɗauki baƙin. Arha dai ba ta ado. Dattijon ya koya masa ladabin abin: in ya dawo ya ƙara matse birki, ya yayyafa wa injin ruwan famfo a hankali kada ƙarfin ruwa ya tura gishiri ciki, ya goge, ya shanya a inuwa, sa'an nan ya sassauta birkin kafin ya ajiye. Kada kuma ya kuskura ya kwantar da shi a kan rairayi.

Da ya je gida da babbar salla ya nuna wa mahaifinsa. Tsohon ya juya marfin, ya kai kunne ya saurara, ya ja zaren ya ji yadda yake fita, ya tambayi kuɗinsa. Da aka gaya masa ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, “Taruna na farko ma sai da na sayar da tunkiya biyu. Ka dai riƙa wanke shi.”