Tsohon Tela da Ranar Shari'a

A Garwa akwai wani tsohon tela, ɗan Ikilisiyar Katolika, wanda ya yi shekaru ba ya iya gama Addu'ar Ubangiji. Yakan fara tare da jama'a, amma idan aka iso wurin gafarta wa masu laifi, sai ya yi shiru.

Dalilinsa kuwa Bishop Yves Plumey ne. Wannan bawan Allah mutumin Faransa ne, ya iso arewacin Kamaru a 1946 tare da 'yan'uwansa Fadoji na ƙungiyar Oblat. A 1955 ya zama bishop na farko a Garwa, ya riƙe aikin har 1984, sa'ad da Christian Tumi ya gaje shi. Shi ne ya ɗibiya wa telan hannu ranar tabbatarwarsa, yana saurayi. A watan Satumba 1991 aka iske gawar tsohon a gidansa kusa da Ngaundere, an kashe shi, yana da shekara 78. Ba a hukunta kowa ba.

Tun daga lokacin nan telan ya jingina zuciyarsa ga Ranar Shari'a. Yakan ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ya fi son Matiyu sura 25, inda Almasihu zai raba mutane kamar yadda makiyayi yake ware tumaki daga awaki. A ransa ya riga ya tsai da masu kisan a hannun hagu.

Wata Lahadi jikarsa ta komo daga ajin katikisim, inda aka koya musu labarin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, a Luka sura 23. Ta ce, "Kaka, in wanda ya kashe Bishop ya tuba kafin ya mutu, zai shiga Mulkin Sama?"

Ya ce, "Amarya, tafi ki kawo mini ruwa." Daren nan bai yi barci ba.

Amsar kuwa ya san ta. Ɓarawon nan bai mai da abin da ya sata ba, bai sami zarafin yin aikin kirki ba, amma ya amsa laifinsa, ya roƙi Ubangiji, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Ceto kyauta ce. Shari'a kuma gaskiya ce, jinin da aka zubar a ɓoye ba ya ɓacewa a gaban Allah. Sai dai kujerar shari'ar ta Almasihu ce, telan kuwa ya daɗe zaune a kanta. Ya kuma tuna abin da Sarkin zai tambaya a surar da yake so: mayunwaci, baƙo, marar lafiya, ɗan kurkuku. Tambayar nan shi ma tana jiransa.

Da gari ya waye ya kira yarinyar ya ce, "I, zai shiga, in tubansa na gaskiya ne. Bishop ma ba zai tare masa ƙofa ba."

Fushin bai tafi rana ɗaya ba. Har yanzu muryarsa takan yi rawa a wurin nan na addu'ar, amma yana faɗinsa tare da jama'a. Allah ya ba shi ƙarfin jimrewa har ƙarshe. Amin.