Kukan Gishiri a Ƙarƙashin Ƙasa

Mu a nan Daurawa mun ɗauki gishiri abu ne marar baki. Mu auno a kasuwar Tarauni mu zuba a miya, kantun Balma kuwa a ajiye wa dabbobi su lasa. Amma akwai ƙasashen da gishiri dutse ne sukutum a can ƙarƙashin ƙasa, ana haƙa ɗakuna a cikinsa, kuma wannan dutse yana kuka kafin ya faɗi.

Alal misali, a Jamus an jibge ganguna kusan 126,000 na dattin nukiliya a tsohuwar mahaƙar gishiri ta Asse daga 1967 zuwa 1978, bisa zaton wuri ne busasshe da zai riƙe amana. A 1988 sai ruwa ya fara tsattsafowa. Shi dutsen gishiri, in nauyi ya danne shi, yakan riƙa matsowa a hankali tamkar ƙullu, har ya soma tsagewa daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Kowace 'yar tsaga tana fitar da ƙara, sau da yawa siririyar da ta fi ƙarfin kunnen ɗan'adam. Saboda haka masana ke huda bangon su cusa na'urorin saurare. Da yake ƙarar tana gudun wajen mita 4,500 a daƙiƙa guda, wadda ta fi kusa ita ke riga ji, daga ratar lokacin kuma a lissafo daidai inda ciwon yake. A mahaƙar Morsleben, inda ake irin wannan saurare, dubban tan na gishiri sun rufto daga rufin wani ɗaki a 2001, aka dawo ana cike ɗakunan da kankare.

To, mai karatu, dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu. Iyayenmu mata ba sa biyan kuɗin randa sai sun ƙwanƙwasa ta. In ta yi amo garau a ɗauka, in muryarta ta dishe a bar wa mai ita. Mu marubuta ne dai muka cika littattafanmu da bugun zuciyar masoya, muka bar sauran sautuka ba mai rubutawa.

Ga samarinmu can suna shiga ramukan ma'adinai da diga da tocila, kunne kaɗai ne mai gadinsu, ga ƙarar janareta ta cika ramin. A watan Yuni na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, rami ya rufta da masu haƙa a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja. An shafe kwanaki ana tono.